Rabon Lasin Talabijin a Birtaniya, da Yadda Kamfanoni 15 Suka Koma 2

Da a ce mutum ya yi yawo cikin ƙasar Birtaniya a shekarar 1975, yana kwana gari gari, yana kunna akwatin talabijin na masaukinsa, da ya iya faɗin inda ya ke ko bai leƙa waje ba. In ya murɗa tashar masu talla a Landan ran Talata, sai ya ga gine-ginen birnin sun taso daga cikin kogi, da suna Thames a tsakiya. A Norwich barde ne na azurfa bisa doki, yana riƙe da tuta an rubuta Anglia. A Plymouth jirgin ruwa ne na kamfanin Westward, a Mancesta kuwa Granada. Kamfanoni 15 ne cikin yankuna 14, ko wanne da gidansa, da ma'aikatansa, da masu karanta labarunsa waɗanda mutanen wurin suka sani kamar maƙwabta. Yau lasin 15 ɗin suna nan a takarda, amma 13 na hannun kamfani guda, watau ITV, sauran 2 na STV ne a Sikotlan. Abin da za mu duba a nan shi ne yadda aka yi haka ta faru, da kuma ko waɗanda aka danƙa wa amanar rabon sun riƙe ta yadda ya kamata.

Har zuwa 1955 BBC kaɗai ke da talabijin a ƙasar, ba ta kuwa talla, da kuɗin da masu akwati ke biya shekara shekara a ke tafiyad da ita. Da Gwamnati ta kawo shawarar a bar 'yan kasuwa su buɗe tasu tashar, sai gardama ta kaure. Lord Reith, wanda ya kafa wa BBC harsashi, ya tashi cikin Majalisar Dattawa ya kwatanta abin da agana da annoba. Abin da manyan ƙasar ke gudu shi ne irin na Amurka, inda mai sabulu ko mai taba ke sayen shiri ɗungum, ya ce ga abin da za a faɗa, ga wanda ba za a faɗa ba. Sabo da haka Dokar Talabijin ta 1954 ta bi tsaka-tsaki. Aka kafa wata hukuma, ITA, aka ce ita ce mai dogayen turakun ƙarfen da ke watsa hoto, ita ce kuma za a tuhuma bisa duk abin da aka nuna. Kamfanoni 'yan kwantiragi ne kurum: su yi shiri, su sayad da lokacin talla, su biya hukuma haya. Talla kuwa dole a ware ta daga shiri, kada ta wuce wajen minti 6 cikin sa'a in an daidaita. Mai karatu ya ɗauke shi kamar aron gona. Manomi na iya shekara goma yana noma, yana zuba taki, har ya yi bukka a ciki, amma ran da wa'adi ya cika mai gona na da ikon ce masa ya tashi.

Dokar ta ce a yi gasa, alhali kuwa hanyar iska guda ce tak aka samu a ko wane wuri. Sir Robert Fraser, babban darektan hukumar, shi ya sami dabara: ya yanka ƙasar yanki yanki, manyan yankunan nan uku masu arziki kuma ya sake raba su, wani kamfani ya riƙe Litinin zuwa Jumma'a, wani Asabar da Lahadi. Ran 22 ga Satumba 1955 aka buɗe a Landan, Associated-Rediffusion na da ranakun aiki, ATV na da ƙarshen mako, tallar farko kuwa ta man goge haƙori ce. Cikin 1956 aka kai Birmingham da Mancesta. Daga nan aka yi ta buɗewa ɗaya bayan ɗaya, har 1962 sa'ad da Channel na 'yan tsibiran kusa da Faransa ya shigo.

Ya kamata a lura, ba don son ƙauye aka yi wannan rabo ba, don hana mutum guda mallake kome aka yi shi. Amma sau da yawa a kan haƙa rijiya don dabbobi, gari duka ya sha. Kamfanin da ya fi nuna haka shi ne Granada na Sidney Bernstein, mai gidajen silima. An ce ya zaɓi arewacin Ingila ne don yawan mutane da yawan ruwan sama, a kan cewa wanda ruwa ya tsare a ɗaki ba shi da abin yi sai kallo. Ko da wasa ya faɗa, abin da ya biyo baya ba wasa ba ne. Ran 9 ga Disamba 1960 Granada ya fara wasan nan Coronation Street, labarin talakawan wani lungu, suna magana da karin harshensu na arewa, irin wanda a da ba a cika jinsa a akwati ba sai in za a yi wa mai shi dariya. Har yanzu a na yinsa. Cikin 1963 ya fara World in Action, shirin tonon asiri, wanda daga 1985 ya dinga bin maganar mutanen nan shida da aka ɗaure bisa bama-baman Birmingham har aka sake su a 1991. Ƙanana ma sun taɓuka. Anglia, da ke ƙasar manoma, ya fara shirin namun daji mai suna Survival a 1961, ya sayad da shi ƙasashe da yawa. Grampian a Aberdeen ya riƙa yi wa mutanen duwatsu da tsibirai shiri da harshensu na Gelik.

A nan akwai abin da ya shafe mu. Sa'ad da Gwamnatin Jihar Yamma ta buɗe talabijin a Ibadan ran 31 ga Oktoba 1959, abokin tarayyarta Overseas Rediffusion ne, dangin wancan na Landan. Da Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe Rediyo Talabijin Kaduna cikin Maris 1962, da Granada da EMI ta haɗa jari. Watau mu ma da talabijin na jiha muka fara, masu koya mana aikin kuwa su ne waɗannan da mu ke ba da labarinsu.

Shekarun farko asara aka tafka, har masu jaridar Daily Mail suka tsorata suka janye jarinsu daga Rediffusion. Da sun yi haƙuri kaɗan da sun sha daɗi, gama kafin 1960 kuɗi sun fara kwarara kamar ruwan Agusta. Roy Thomson, mutumin Kanada wanda ya buɗe Scottish a 1957, ya yi suɓul da baka ya ce lasin talabijin tamkar izni ne na mutum ya buga kuɗin kansa. Wannan magana ta bi kamfanonin har kabari. Kwamitin Pilkington ya zauna, cikin 1962 ya ce shirye-shiryensu holoƙo ne, aka ba BBC tasha ta biyu, su kuwa aka ɗora musu haraji na musamman bisa kuɗin talla, aka kuma ƙara wa hukuma ƙarfi. Kamfani guda ne kurum ya taɓa karyewa a wannan zamani, WWN na yammaci da arewacin Wales, wanda aka ba ƙasa mai duwatsu da ƙarancin mutane. Bai cika shekara biyu ba maƙwabcinsa TWW ya haɗiye shi a farkon 1964.

To, sai 1967, shekarar da mai gona ya fara nuna cewa gonar tasa ce. Shugaban hukuma a lokacin Lord Hill ne, likita kuma tsohon minista. Cikin watan Yuni ya kira kamfanoni ya karanta musu hukunci. Aka daina rabon mako ko ina sai Landan. Aka yanke Yorkshire daga ƙasar Granada aka ba sabon kamfani. Rediffusion, wanda ya buɗe tashar da kansa, aka ce sai ya haɗu da ABC su zama kamfani guda, ABC na da 51 cikin 100, shi ne Thames. TWW kuwa aka kore shi gaba ɗaya, aka ba ƙungiyar Lord Harlech, tsohon jakada a Amurka, wanda ya zo da sunayen taurari irin su Richard Burton da Elizabeth Taylor. Laifin TWW a bakin mutane shi ne daga Landan a ke juya shi. Amma hukuma ba ta tsaya ta baje dalilanta a fili ba, ba kuwa inda za a ɗaukaka ƙara. Haushi ya sa TWW bai jira wa'adi ba, ya tattara ya tafi cikin Maris 1968. Taurarin nan kuwa, kaɗan mutanen Wales suka gani daga gare su.

Mafi muni shi ne na ƙarshen mako a Landan. David Frost ya tara gwanayen ma'aikata, da yawa daga BBC, suka rubuta takardar alkawari mai daɗin karatu, cike da wasannin ilmi da kiɗan manya. Hukuma ta ruɗu da ita ta ba su. Da London Weekend ya fara cikin Agusta 1968, sai masu kallo suka gudu BBC, sauran kamfanoni suka ƙi sa shirye-shiryensa a lokacin da jama'a ke zaune. Cikin Satumba 1969 masu jari suka sallami Michael Peacock, babban darekta, manyan ma'aikata da dama suka bi shi. Watau mutanen da aka ba lasin domin su, sun fita, alkawarin da aka ba da lasin dominsa ya sha ruwa, hukuma kuwa ba ta karɓe lasin ba. Sai da Rupert Murdoch ya zuba jari ya fara ba da umurni sa'an nan ta yunƙura a 1971 ta ce ya ja da baya. Wanda aka kori TWW a gabansa ba tare da an faɗi laifinsa ba, in ya ga wannan ya ce an yi son kai, ina abin da za a ce masa?

Zama na gaba mai girgiza shi ne na 28 ga Disamba 1980, hukumar ta riga ta sake suna ta zama IBA, Lady Plowden ke shugabanta. Southern ya faɗi aka ba TVS. Westward, wanda shugabanninsa suka shekara suna faɗa da juna a jaridu, ya faɗi aka ba TSW. ATV na Lew Grade, wanda ke riƙe da tsakiyar Ingila amma manyan ɗakunan shirinsa na Elstree kusa da Landan, idonsa kuma na kasuwar Amurka, aka ce ya sayad da 49 cikin 100, ya komo cikin yankinsa da zama, ya gina gida a Nottingham. Shi ne ya zama Central ran 1 ga Janairu 1982. Aka kuma raba Yorkshire da Tyne Tees, waɗanda suka shiga inuwa guda tun 1970. Wannan karon an fi fahimtar nufin hukuma: wanda ya ci kuɗin yanki, ya zauna cikin yanki. Amma dubi TVS, ɗan lelen da aka kawo. Cikin 1988 ya kwashi wajen fam miliyan 190 ya sayi kamfanin MTM na Amurka, sayen da ya zame masa ƙarfen ƙafa.

A ganina, ga yadda ya kamata a auna wannan tsohuwar hanya. Aibinta a fili ya ke. Mutane ƙalilan ne, Gwamnati ta naɗa su, su rufe ƙofa su yanke wa dubban ma'aikata hukunci, su ba da dukiyar jama'a ga wanda ya fi iya rubuta alkawari. Ba mizani, ba bayani. Duk da haka tana da amfani guda wanda ba a gane girmansa ba sai da ya tafi, watau tsoro. Ko wane mai kamfani ya san akwai ran da zai zauna gaban hukuma a tambaye shi abin da ya yi wa yankinsa, kuma ya ga abin da ya sami TWW da Southern. Sabo da haka sai ka ga ɗan kasuwar da bai damu da tarihi ba ya saki kuɗi a yi shirin tarihi. Thames ya kashe dukiya mai yawa ya yi The World at War, kashi 26 bisa Yaƙin Duniya na Biyu, aka fara nuna shi a 1973. Ba na cewa tsoro kaɗai ya sa, akwai masu kishin aiki a ciki. Amma tsoron ne ya ba mai kishin aiki abin da zai faɗa wa mai riƙe da jaka.

Gwamnatin Margaret Thatcher ba ta ga haka ba. Ita abin da ta gani shi ne kamfanoni 15 kwance cikin inuwa ba mai takara da su wajen talla, da ƙungiyoyin ma'aikata masu ƙarfin da a 1979 suka rufe tashar fiye da mako 10. A nan tana da gaskiyarta, ɓarnar kuɗi ta yi yawa. Cikin 1986 kwamitin Farfesa Alan Peacock ya ba da shawara a riƙa yin gwanjon lasin. Sa'an nan ran 28 ga Afrilu 1988 Thames ya nuna wani shiri, Death on the Rock, bisa mutane uku na ƙungiyar IRA da sojan Birtaniya suka harbe a Jibiralta, ya kawo shaidun da suka saɓa wa maganar Gwamnati. Ministan Waje ya nemi a dakatad da shi, IBA ta ƙi. Mutane da yawa har yau na cewa Dokar 1990 ramuwar gayya ce. Ni ban tafi can duka ba, tun da ya ke shawarar gwanjo ta riga shirin da shekara biyu. Abin da za a iya cewa shi ne, bayan wannan shiri ba sauran mai tsaya wa IBA a cikin Gwamnati, dokar kuwa ta rushe ta, ta kafa ITC a madadinta.

Da farko nufin shi ne wanda ya fi taya kuɗi ya ɗauka, shi ke nan. Da aka yi ta kuka, sai minista David Mellor ya yarda aka sa ƙofa biyu: sai mai nema ya nuna shirye-shiryensa na da inganci, kuma lissafinsa zai ɗore, kana a buɗe ambulan ɗin tayinsa. Ko wa zai rubuta abin da zai riƙa biyan Baitulmali ko wace shekara, ya liƙe, ba wanda ya san na wani. An sami tayi 40 bisa lasin 16, har da na shirin safe. Ran 16 ga Oktoba 1991 aka aika wa ko wanne sakamako da na'urar fakis.

Mai karatu ya dubi waɗannan alƙaluma da kyau. Central, mai yankin mutane wajen miliyan 9, ya gane ba mai takara da shi, ya taya fam 2,000 a shekara, ya samu. Wannan bai kai fam 6 a rana ba. Scottish ma fam 2,000. Yorkshire, wanda bai kai Central girma ba, ya ji tsoro ya taya fam miliyan 37.7, watau fiye da fam 100,000 ko wace rana. Gaskiya ne akwai wani kaso na kuɗin talla da a ke biya ban da tayin, na Central 11 cikin 100 ne, amma wannan bai cike ramin ba. Granada ya taya miliyan 9, abokin takararsa ya taya miliyan 35, aka ce wancan bai wuce ƙofar inganci ba, Granada ya zauna. London Weekend ma haka, miliyan 7.6 ya ka da miliyan 35. TVS ya taya miliyan 59.8, aka ce ya yi yawa, ba zai iya biya ba, aka ba Meridian mai miliyan 36.5. TSW ya taya miliyan 16.1, aka ce shi ma ya zarce, aka ba Westcountry mai miliyan 7.8, ya kai ƙara har Majalisar Dattawa bai ci ba. In an ƙidaya, cikin lasin 13 da aka yi takara a kansu, 5 kurum aka ba wanda ya fi kowa tayi.

To, wannan wane irin gwanjo ne? Dillalin da ya ce wa mai tayi kuɗinka sun yi yawa, ya juya ya sallama wa na baya, a kasuwa ba za a sake ba shi kaya ba. Amma kada a yi saurin zagin Sir George Russell, shugaban ITC, da mutanensa. Mugunyar doka aka ba su, suka yi amfani da ƙofofin nan biyu suka ceci abin da za su iya ceta. Sai dai ta haka sun komo ga abin da aka ce an gudu, watau ra'ayin mutane ƙalilan a bayan ƙofa, an kuma ƙara masa caca a kai. Inda dabararsu ta ƙare shi ne Landan. Thames ya taya wajen miliyan 33, Carlton na Michael Green ya taya miliyan 43, ya kuwa wuce ƙofar inganci ko da ya ke bai taɓa riƙe tasha ba, ba shi kuma da niyyar yin yawancin shirye-shirye da kansa, saye zai yi. Dokar ta ba hukuma ikon ta tsallake mai babban tayi in akwai dalili na musamman. Ba ta taɓa wannan iko ba ko sau ɗaya. In kamfanin da ya fi ba tashar shirye-shirye shekara 24 bai zama dalili na musamman ba, ban san abin da aka ajiye wannan sashe dominsa ba. Abin dariya, Carlton ɗin nan ya nemi sayen Thames a 1985, IBA ta hana. TV-am na shirin safe ma ya faɗi, har Thatcher da kanta ta rubuta wa shugabansa Bruce Gyngell, wanda ta ke yabo don ya karya yajin aiki, ta ce abin ya ɓata mata rai ƙwarai, ta kuma san ita ta kawo dokar.

Duk da haka, ba gwanjon ne ya kashe yankuna ba, abin da aka bari ya faru bayansa ne. Sabuwar doka ta sa turakun watsawa sun fita daga hannun hukuma an sayar, lasin kuma ya zama abin da a ke sabuntawa ba tare da takara ba. Tun 1991 ba a sake kiran kowa gasa ba. Aro ya zama gado. Abin da ya zama gado kuwa a na iya sayad da shi. Yorkshire da Tyne Tees, da nauyin tayinsu ya danne su, suka sake haɗuwa tun 1992, kafin ma sabon lasin ya fara aiki. A ƙarshen 1993 Gwamnati ta sassauta dokar mallaka, cikin 1994 Carlton ya sayi Central, Granada ya ƙwace London Weekend da ƙarfin jari, masu Meridian suka sayi Anglia. Carlton ya ƙara da Westcountry a 1996, Granada da Yorkshire da Tyne Tees a 1997, Scottish da Grampian a wannan shekara. Dubi Westcountry: an ba shi lasin ne bisa alkawarin zama na mutanen yankin, bai cika shekara huɗu yana aiki ba ya zama reshen kamfanin Landan. Ran 28 ga Oktoba 2002 aka sauke sunayen yankuna daga gaban shirye-shirye a Ingila, cikin Fabrairu 2004 Granada da Carlton suka zama kamfani guda. Channel ya shiga hannunsa a 2011, UTV na Ailan ta Arewa a 2016.

Masu kare wannan haɗiya na da hujja, ba kuwa ƙarama ba ce. Sun ce a 1975 tasha guda ce ke cin kuɗin talla, amma daga 1989 tauraron Sky ya zo da tashoshi barkatai, Channel 5 ya zo a 1997, daga baya intanet ta kwashe kaso mafi tsoka. Ƙwarya guda da a da mutum ɗaya ke sha, yanzu hannu ɗari ke ciki, ta yaya za ta ciyad da gidaje 15? Na yarda ba za ta iya ba. Amma tsakanin 15 da 1 akwai lambobi da yawa. STV na nan da kansa, bai mutu ba. Kuma manyan haɗe-haɗen nan an yi su ne a 1994, sa'ad da ribar kamfanonin ke da kauri, intanet ko rarrafe ba ta fara ba a gidajen mutane. Babbar asarar da Carlton da Granada suka yi ma ba yankuna suka jawo musu ba, tasharsu ce ta biya ka kalla, ITV Digital, wadda ta karye a 2002. Mu a Nijeriya soja ne suka tattara tashoshin jihohi da Doka ta 24 ta 1977 suka mai da su NTA, da rana tsaka, kowa na gani. Can kuwa ba wanda ya taɓa tsayawa gaban Majalisa ya ce a kashe talabijin na yankuna. Sassauci kaɗan bana, kaɗan baɗi, har aka wayi gari ba shi.

Abin da ya rage na yanki yanzu yawancinsa labarun maraice ne. World in Action ya tsaya a 1998. Gidan da aka tilasta wa Central ya gina a Nottingham an rufe shi, Jami'ar garin ta saya a 2005. Su kansu labarun ba su tsira ba. Cikin 2009, da yardar Ofcom, hukumar da ta gaji ITC, aka haɗa ɗakunan labarai da dama. Aka ɗauke na Plymouth aka kai Bristol. Border kuwa, ɗan ƙaramin kamfanin Carlisle wanda tun 1961 ke haɗa mutanen gefe biyu na iyakar Ingila da Sikotlan, wanda a 1991 ba wanda ya ko yi takara da tayinsa na fam 52,000, aka mai da labarunsa Gateshead kusa da Newcastle, aka gauraya su da na Tyne Tees. Makiyayin tumaki a Stranraer ya zauna da magariba ya ji labarin wani gari da ke nesa da shi fiye da mil 100, a wata ƙasa mai majalisarta dabam. Mutanen yankin suka yi ta rubuta takardun kuka, wakilansu suka yi ta magana, har cikin Satumba 2013 aka mayar musu da shirinsu na Lookaround na minti 30 cikakke. Amma ɗakin da a ke karanta shi bai komo Carlisle ba, a Gateshead aka bar shi.